Jawabin malamin lakwal bisa yaronmu mai son karatun Jamusanci

Maigari, liman, iyayenmu dattawa, da ƴan uwa da suka komo daga ci-rani, Allah shi ba ku yawan rai.

Kun ba ni magana bisa zancen yaronmu da ya ci bak bana, wanda ya roƙi ƙungiya ta taimake shi ya tafi jami'ar Lome karatun harshen Jamus. Na ji waɗansu na cewa: "Faransanci bai ishe shi ba? Mi zai ci da harshen da ba a ciniki da shi kasuwar Maraɗi?" Tambaya ce ta gaskiya. Ni ma na yi mashi ita, don ni na koya mashi baƙi tun yana aji ɗaya.

Ga abin da karatun ya ƙunsa. Shekara 3 ne kafin a samu lisans. Farko nahawu, kuma yana da wuya. Mu Hausa namiji da mace muke da su, su suna da na ukku, wanda ba namiji ba, ba mace ba. Ko kalmar yarinya cikin na ukkun take. Sau da yawa aikatau sai ƙarshen magana yake zuwa, dole ka bari mutum ya gama kafin ka san abin da ya ce. Bayan nan sai littattafansu, da fassara, da tarihinsu: taron Barlin na 1884 zuwa 1885 inda Turawa suka shirya rabon Afirka, mulkinsu a Togo da Kamaru, yaƙin duniya biyu, da katangar da ta raba Barlin daga 1961 har 1989.

To, iyayena, mu da waɗannan mutane ba yau muka san juna ba. Bajamushe Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya sauka Tasawa cikin 1851, ya sauka Damagaram ƙarshen 1852, ya rubuta abin da ya gani na kasuwanni da sarauta. Yaronshi Dorugu ɗan Dambanas ne, kusa da Kance. Ya bi shi Turai cikin 1855, kuma daga bakinshi wani Bajamushe mai suna Schön ya ɗauki Hausa mai yawa, har ya buga nahawu cikin 1862. Tun 1963 Muryar Jamus ta fara shiri da Hausa. Su sun koyi namu sun rubuta labarinmu. Mu wa muke da shi da zai karanta abin da suka rubuta, ya ce nan daidai, nan kuskure?

Ba zan ruɗe ku ba: takarda ba ta ba da aiki da kanta. Amma mai wanga ilimi yana iya koyarwa, ko tafinta, ko fassara, ko aikin rediyo. Kuma na ce mashi kada Jamusanci ya sa ya manta gaisuwar gidansu.

Shawarata ita ce mu ɗauki kuɗin mota da na ɗaki na shekarar farko, ƴan uwanmu na Lome su zama iyayenshi can. Shi kuma ya aiko da sakamakonshi ga magatakarda. In ya ci mu ci gaba, in ya yi wasa mu tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Magana tana gare ku.