Kada Gumin Iyaye Ya Zube a Banza

Jawabin da aka yi wa jama'ar zango a Kotobabi, an buga shi domin 'yan'uwanmu na garuruwan bakin iyaka



Sarakunan zango, Allah ya ja zamaninku. Limamai da malamai, Allah ya gafarta muku. Magajiyoyi da iyayenmu mata, sannunku da zama. Samari da 'yan mata, barkanku da zuwa. Ku kuma 'yan'uwa na Bawku, Pusiga, Kulungugu, Paga, Hamile, Sampa, Elubo da Aflao da wannan takarda za ta iske, mutanen Kotobabi da Nima da Maamobi suna gaishe ku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Yau maganata a kan makarantar Roman ce, wato makarantun cocin Katolika, da wahalar da iyayenmu suke sha don su ga 'ya'yansu a ciki. Magana ce da ake yi a ɗaka, ba a cika yin ta a dandali ba, domin wani yana jin nauyin a ce ya kai ɗansa wurin Fada. Amma kowa a nan ya san gidan da aka yi haka, in ma ba gidansa ba ne.

Bari mu fara daga baya. A 1880 limaman Katolika suka sauka Elmina, a bakin teku. A 1906 waɗansu suka gangaro daga Wagadugu suka zauna Navrongo, kusa da inda iyakar Paga take yanzu. Duk inda suka kafa coci, sai su kafa makaranta a gefenta. Kakanninmu suka duba, suka ce ba za su ba da 'ya'yansu ba, don tsoron kada yaro ya tafi da sunan Abdullahi ya dawo da wani suna. Ba za mu zarge su ba. Addininsu suka tsare, kuma sun bar mana allo da tawada, abin da har gobe muke tutiya da shi. Sai dai mun ga abin da ya biyo baya. Da aka zo rabon aikin ofis, 'ya'yan wasu suka zama akawu da alƙali da likita, namu suka zama masu gadi da lebura. A 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba da umarni baƙin da ba su da takarda su fita ƙasa, zangonni suka girgiza. Mutane da yawa sun tattara kaya sun bar gidajen da aka haife su a ciki. Takarda ce ta kore su, su kuwa ba su iya karanta ta ba, balle su sami ɗansu lauya da zai tsaya musu.

Daga irin wannan darasi iyayenmu suka sake shawara. Suka ce yaro zai yi makarantar allo, zai kuma yi boko, kuma in za a yi bokon, a yi mai kyau. A 1987 aka kafa sashen kula da makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi, muka sami namu makarantu masu haɗa Larabci da Turanci, alhamdu lillahi. Duk da haka, in uba ya zauna yana lissafin inda ɗansa zai fi samun horo da sakamako, sunayen makarantun Roman ba sa fita daga bakinsa. Akwai St. Augustine da ke Cape Coast tun 1930, da Holy Child ta 'yan mata tun 1946. Akwai Opoku Ware da St. Louis a Kumasi, da St. Thomas Aquinas a nan Ankara, duka ukun tun 1952. Mutanen Paga sun san Notre Dame ta Navrongo, mutanen Hamile sun san ta Nandom da ta 'yan mata a Jirapa, mutanen Aflao sun san St. Paul ta Denu. Masu kallon gasar kimiyya da lissafi a talabijin sun ga Aquinas ta ɗauki kofi a 2013, St. Peter ta Nkwatia a 2018, St. Augustine a 2019. Uwa ba ta buƙatar a fassara mata wannan. Ta ga inda ake dafa abu ya nuna, tana son ɗanta ya ci daga tukunyar.

To, da me ake shiga? Kun fi ni sani. Mai waake tana tashi tun kafin assalatu ta hura wuta. Mai koko da ƙosai tana bakin hanya kafin gari ya waye. Mahauci, direban trotro, makaniki, tela, mai sayar da albasa a kasuwar Nima ranar Laraba, kowa yana da ɗan ƙullin da ba a taɓawa. Akwai wadda take zuba adashi shekara guda, ranar kwasa ba ta sayi ko ɗankwali ba. Akwai wadda ta buɗe akwatin aurenta ta fitar da atamfar da ta ajiye shekara da shekaru. Akwai dattijon da ya tara kuɗin Makka, ya duba ɗansa, ya ce Hajji sai wata shekara in da rai. Akwai gidan da aka yi Babbar Salla ba rago, aka ce wa yara bana sai haƙuri. Waɗannan mutane ba sa fitowa a jarida, amma su suke riƙe da ilimin ƙasar nan.

Kuɗin ba a ƙofar sakandare yake fara fita ba. Yaro ba ya shiga babbar makaranta sai ya ci jarrabawar BECE da maki mai kyau, sannan kwamfuta ta raba yara, kamar yadda ake yi tun 2005. Don haka tun yaro yana firamare ake biya: kuɗin darasin yamma, kuɗin littafi, kuɗin jarrabawar gwaji, kuɗin mota. Wanda ya sami hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi, wanda bai samu ba ya nemi gurbi a irin St. Kizito ta Nima, ya ƙara da darasi. Ranar da sunan yaro ya fito, ana murna, sai ga takardar kayan da za a saya: akwatin ƙarfe, akwatin abinci, katifa, gidan sauro, bokiti, tsintsiya, takalma, gari, shito, sukari da madara. Sai murna ta koma lissafi.

Mu faɗi gaskiya. Karatun sakandare kyauta da aka fara a Satumba 2017 ya sauke wa iyaye wani nauyi, kuma yara da yawa sun shiga aji ta dalilinsa. Tsarin mulkinmu na 1992, a sashe na 25, shi ya ce a bi a hankali har sakandare ta zama kyauta, don haka haƙƙin ɗan ƙasa ne. Jam'iyyarmu ba za ta soke shi ba. Duk wanda ya ce muku za mu soke, ku ce masa ya kawo shaida. Abin da muke cewa shi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakin nan yana yoyo wuri uku.

Na ɗaya, karatun karɓa-karɓa. Tun 2018 aka raba yara gida biyu, kore da ruwan zinariya, waɗannan suna aji, waɗancan suna gida. Yaron da uwarsa ta sayar da zaninta don ya yi karatu, sai ga shi zaune a zango wata da watanni. Mai kuɗi ya ɗauko wa nasa malami. Talaka fa? Ko ya ci bashi ya biya darasin hutu, ko ya zuba ido yaro yana yawo a lungu. Kun san abin da lungu yake koya wa yaro.

Na biyu, abinci. A 2022 shugabannin makarantun sakandare da kansu suka fito fili suka ce abinci ya ƙare a rumbunansu. A 2023 masu kai wa makarantu abinci suka je suka kwana a ƙofar kamfanin gwamnati mai sayen abincin, suna neman kuɗinsu. Matan da suke dafa wa 'yan firamare sun ajiye ludayi saboda a lokacin ana ba su fesuwa 97 a kan kowane yaro. Iyayenmu mata, ku da kuke zuwa kasuwa, me fesuwa 97 za ta saya? In makaranta ta kasa ciyar da yaro, waya ce take ƙara a gida, uwa ce take sake ɗaura gari.

Na uku, tsadar rayuwa. A Disamba 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. A shekarar nan aka sa haraji a kan aika kuɗi ta waya, hanyar da uba yake bi ya tura wa ɗansa na sabulu. Ku mutanen bakin iyaka kun sha naku daban. An rufe iyakokin ƙasa daga Maris 2020 har Maris 2022, shekara biyu cur. Mai kai kaya Lome daga Aflao, mai sayen dabbobi ta Paga da Kulungugu, mai canjin sefa a Elubo, duk jari ya narke. Amma ko a lokacin ba mu ji kun ce yaro ya bar makaranta ya zo ya tsare shago ba. Allah ya saka muku.

Yanzu ga maganar da ta fi kuɗi nauyi. Uban da ya kai ɗansa makarantar Roman yana kwana da tambaya guda a ransa: yaron nan zai yi salla kuwa? Zai yi azumi? Yarinyar nan za a bar ta ta rufe kanta? Ba tsoron banza ba ne. A watan azumin 2021 an hana ɗalibai Musulmi azumi a Wesley Girls ta Cape Coast. Ku lura, wannan makarantar Methodist ce, ba ta Roman ba, kada mu ɗora wa wani laifin wani. Hukumar ilimi ta ce a bar yara su yi azumi, cocin ta ce ba ta yarda ba, har Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa ta shiga tsakani. Abin da ya nuna shi ne a lokacin ba a zauna an rubuta ƙa'ida guda da kowa ya sani ba, sai abin da shugaban makaranta ya ga dama.

Ga yadda abin yake. Coci ce ta gina waɗannan makarantu, ita ta raine su, kuma horon da muke yabo daga wurinta ya fito. Wannan ba a musu. Amma albashin malaman da ke ciki gwamnati take biya, da harajin Kirista da Musulmi da mai bin al'ada. Sashe na 21 na tsarin mulki kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa. Ba mu ce a sauke kuros daga bango ba. Ba mu ce a daina addu'ar safe ba. Wanda ya shiga gidan mutane ya girmama masu gida, haka aka koya mana. Abin da muke roƙo kaɗan ne: ɗan wuri mai tsabta da yaro zai shimfiɗa tabarma, izinin sahur da buɗa-baki, da barin yarinya ta yi shigar da ba za ta ji kunyar mahaifinta ba. Limaman Katolika sun daɗe suna neman a ba su babbar murya wajen tafiyar da makarantunsu. Mu muna ganin a zauna da su, da Ofishin Babban Limamin Ƙasa, da iyaye, a ba su muryar, a kuma rubuta haƙƙin ɗan Musulmi baƙi a kan fari.

Wannan ba abu ne mai wuya a Gana ba. A ranar Ista ta 2019, Babban Limaminmu, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya taka da ƙafarsa zuwa cocin Christ the King a nan Ankara, aka tarbe shi da girma. Bai bar addininsa a ƙofa ba, su ma ba su bar nasu ba. In dattijo mai shekara 100 ya nuna hanya, ɗan siyasa ba shi da uzuri.

Ga abin da jam'iyyarmu ta ɗauka a kanta, ku riƙe takardar nan ku tambaye mu gobe. Za mu kawo ƙarshen karatun karɓa-karɓa. Za mu ba shugabannin makarantu kuɗin abinci a hannu su saya a kasuwar yankinsu, manomin Bawku da na Nandom su ma su sami ciniki. Za mu cire harajin aika kuɗi ta waya. Za mu ɗauke kuɗin karatun shekarar farko ga wanda ya shiga jami'ar gwamnati, don kada yaro ya ci jarrabawa takardar shiga ta tsufa a ƙarƙashin katifa. Za mu ba 'yan mata 'yan makaranta audugar mata kyauta, don kada yarinya ta riƙa rasa aji kowane wata.

Ku ma iyaye akwai naku. Yaron da zai tafi makarantar kwana, a tabbata ya iya alwala da salla da abin da zai karanta a ciki tun yana gida, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku riƙa zuwa taron iyaye da malamai, ko ba ku jin Turanci, ku tafi da mai fassara. Kujerar da ba ka zauna a kai ba, wani ne zai yi magana a madadinka. Kuma kada a ce kuɗi na namiji ne, mace ta jira miji. Asibitocinmu suna neman likita mace da ungozoma mai jin Hausa.

Ku samari da kuka ci wannan gumi, kuka fito da takarda, ku waiwaya. Ƙanenku yana lungu yana jiran mai koya masa lissafi.

Ranar Asabar, 7 ga Disamba 2024, ku fito da wuri da katinku. Mutanen bakin iyaka, kada wani ya dubi sunanku ko harshenku ya ce ku ba 'yan ƙasa ba ne. Sunanka yana cikin rajista, ka bi layi, ka dangwala, ka koma gida lafiya. Ba zagi, ba jifa, ba faɗa da maƙwabci, domin bayan zaɓe rijiya ɗaya za mu sha. In kin tsaya gaban akwati, Hajiya, ki tuna atamfar nan da kika sayar. In ka tsaya, Baba, ka tuna ragon da ba a yanka ba. Ku zaɓi waɗanda za su sa abin da kuka shuka ya yi tsiro.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, ya tsare musu imaninsu. Allah ya zaunar da Gana lafiya.

Wassalamu alaikum.