Tallafin Karatun Lauya ga 'Yan Asalin Kanada

 Yau hankalina ya tafi Kanada.

Daga 1927 har zuwa 1951, doka ta hana 'yan asalin ƙasar, wato mutanen da Turawa suka tarar a can, tara kuɗi su ɗauki lauya domin neman haƙƙin filayensu, sai da izinin gwamnati. An karɓe maka gona, an kuma toshe maka hanyar kai ƙara. Shi ya sa idan na ji ana ba 'ya'yansu tallafin karatun lauya, ba na ɗaukarsa sadaka. Tsohon bashi ne ake ragewa.

A 1973 Jami'ar Saskatchewan ta buɗe musu kwas na share fagen shiga tsangayar shari'a. Yau ƙungiyar Indspire tana raba musu tallafin karatu. Kuma ku sani, ɗalibin da ya baro ƙauye mai nisa a arewacin ƙasar, ba kuɗin makaranta kaɗai ke hana shi barci ba. Ga hayar ɗaki a birni, ga kuɗin jirgin komawa gida.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne gidan yari. 'Yan asalin ƙasar kusan kashi 5 cikin ɗari ne na al'ummar Kanada, amma a 2020 sun zarce kashi 30 na fursunonin gwamnatin tarayya. Wanda ke tsaye gaban alƙali yana buƙatar lauyan da ya san harshensa da tarihin gidansu.

Kotun Ƙolin ƙasar tun 1875 aka kafa ta. Sai a 2022 'yar asalin ƙasa ta farko, Michelle O'Bonsawin, ta hau kujerar alƙali a cikinta.