Karkarwar Mota Lokacin Taka Birki: Sababinta da Maganinta a Hanyoyin Kurfai

 

Mas'alar da aka ɗora mini bayaninta ita ce karkarwar da mota kan yi idan an taka birki, wadda mu direbobi a bakin tashar Filinge muke cewa "fren yana rawa". Duk wanda ya saba da hanyar nan ta kimanin kilomita 180 daga Yamai, ta Baleyara da Bonkuku har Filinge, balle wanda ya zarce arewa ta Tukunus zuwa Abala, jikinsa ya riga ya saba da jijjiga, har ya zamana komai ya ji a ƙarƙashinsa sai ya jingina shi ga gargadar hanya; alhali kuwa jijjigar da take zuwa tare da taka birki, ta tafi tare da sakinsa, ba ta hanya ba ce, illa ce a jikin motar, kuma wajibi ne a nemi asalinta.

Farkon tahakiki tambaya ce, kamar yadda tabibi yake tambayar majinyaci kafin ya ba da magani. Idan sitiyari ne yake kaɗawa a hannu, to zargi yana kan diskin birkin gaba. Idan a kujera ake jin abin, sai a dubi baya, inda motocinmu da yawa, irin su Hiace da Hilux, suke da tambur, wanda zafi da tsufa sukan karkata da'irarsa. Idan kuwa motar tana rawa tana cikin gudu ba tare da an taɓa birki ba, a nemi laifin a taya ko a ƙarfen da take kai. Sannan motar da take da ABS, in an danna birki da ƙarfi a kan rairayi, fedal takan buga a tafin ƙafa. Wannan aikinsa ne yake yi, kada a ɓata kuɗi a kansa.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Galibin mutane sun ɗauka diski lanƙwasa yake yi kamar faranti, amma abin da ya fi yawa shi ne kaurinsa ya saɓa, wani gefe ya fi wani da abin da bai kai kaurin gashin kai ba, ta yadda duk zagayen da ya yi sai ya tura plaket, wato takalmin birki, baya, turin nan ya bi man birki ya iso ƙafar direba. Sababin wannan saɓani kuwa sau da yawa daga hannunmu yake fitowa. An canza taya a bakin hanya, ko an ɗaura diski a ƙasa cikin ƙurar hunturu, ƙwayar rairayi ko tsatsa ta maƙale tsakanin diskin da mazauninsa, yaron garaji ya zura dogon bututu a sifana ya hau kai da ƙafa, ya ɗaure noti ɗaya iya ƙarfinsa kafin ya waiwayi sauran. Diskin ya zauna a karkace ba wanda ya gani, ya yi ta gogar plaket a wuri guda, sai bayan tafiyar dubban kilomita karkarwa ta bayyana, a lokacin an manta da ranar da aka shuka ta. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a sayi sabon diski a ɗaura shi a kan dattin nan, bayan watanni kaɗan a ce kayan jabu ne.

Zafi shi ma yana da nasa rabo. Motar da ta yi lodin da ya wuce haddi ran Lahadi daga kasuwar Baleyara, direba ya gangaro daga tudu zuwa kwarin Dallol Boso ƙafarsa a kan birki maimakon ya rage giya, sannan ya tsaya cak yana danne da fedal, to plaket yakan bar shafensa a jikin ƙarfen mai zafi. Da damina kuma a faɗa ruwan ƙorama da diski yana tururi.

Gyara yana da tartibi. A ɗaga motar, a girgiza taya da hannu biyu, domin rulma ko rotil da suka saki sukan kwaikwayi wannan ciwo. A duba ko fistan ko sandunan da maƙalar birki take zamewa a kansu sun cije. A goge mazaunin diski har ƙarfe ya fito fes, a auna karkatarsa da agogon awo, wanda ga yawancin ƙananan motoci bai kamata ta wuce kimanin milimita 0.05 ba. Kowane diski an buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa: in fiƙewa za ta kai shi ƙasa da wannan adadi, haramun ne a wurin mai sana'a ya mayar da shi motar da za ta ɗauki rayuka. A canza dama da hagu tare, da sabbin plaket, a ɗaure notoci ɗaya daura da ɗaya da sifana mai awo. Man birki, DOT 3 ko DOT 4, yana shan danshi, a sake shi duk shekara biyu.

Na san agogon awo da sifanar nan sun fi ƙarfin ƙaramin makanike shi kaɗai. Saboda haka roƙona ga shugabannin sandika, wato ƙungiyarmu, shi ne a haɗa kuɗi a sayi ɗaya ɗaya, a ajiye su amana a hannun wani dattijon garaji a nan tasha, a koya wa almajiran sana'a karanta su kafin damina ta sauka.