Hanta, Kitse da Ƙarancin Bitamin

Yau a kan hanta za mu tattauna.

Akasarinmu idan aka ce kitse ya taru a hanta, mai ƙiba muke hangowa. To amma tun a shekarar 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, tana aiki a ƙasar da yau ake kira Ghana, ta yi bayanin cutar kwashoko: yara ne da tamowa ta ci ƙarfinsu, ga kuma hantarsu jiƙe da kitse. Ƙarancin furotin na da hannu a ciki, amma akwai wani ɓangaren da ya kamata mu sani.

Hanta kamar murhu take, kitse kuwa itacenta. Kafin ya ci wuta, sai an ɗaura shi a jikin wani sinadari da jiki ke haɗawa daga bitamin B5. Daga nan a riƙa gutsure shi kaɗan-kaɗan, kuma kowace gutsura sai da taimakon B2 da B3. Hatta sinadarin kanitin, mai shigar da kitsen inda ake ƙona shi, jiki na buƙatar bitamin C wajen haɗa shi. Wanda ba a ƙona ba kuma sai da sinadarin kolin, irin na gwaiduwar ƙwai, hanta ke iya tura shi cikin jini. Idan waɗannan suka yi ƙaranci, aikin ya yi sanyi, kitse ya fara zama.

B2 ne ya fi damuna, domin da hannunmu muke ɓarar da shi. Hasken rana na lalata shi, ga nono mai ɗauke da shi a buɗe a ƙwarya tun hantsi har azahar. Kanwa ma haka, mu kuwa mu zuba ta a wake da miyar kuɓewa ba awo. Alamar ƙarancinsa a fili take: tsagewar gefen baki da lebe, da jan harshe.

Iyaye mata, don Allah a rufe nono, a rage kanwa, a haɗa wa yara zogale, gyaɗa, wake da ƙwai. Kada kuma a ruga kemis a sayo ƙwayoyi da ka, domin B3 da bitamin A idan suka yi yawa, hantar suke yi wa illa. Yaron da ƙafarsa ta kumbura kuwa, wataƙila kwashoko ce, a kai shi asibiti yau, kada a jira gobe.