YANKAN CIYAWA DA TANADIN INGIRICI

Jama'a, jawabin yau a kan yankan ciyawa ne, aikin da kusan kowane gida a ƙasar nan yake yi, amma kaɗan ne suka tsaya suka koyi yadda ya kamata a yi shi. Da zarar damina ta kankama, ciyawa takan rufe filayen makarantu da harabar asibitoci da gefen hanyoyi da bayan gidaje, jama'a su yi ta kuka da ita. Amma idan aka shiga watan Maris da Afrilu, sai a ga shanu da tumaki sun rame, ana sayen damin harawa da ɗan karen tsada a kasuwa. Ciyawar da ake ƙyama da damina ita ce ake nema ruwa a jallo da bazara. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba su manta da yadda garke ya riƙa ƙarewa don rashin abinci ba. Saboda haka lalle ne a san lokacin yanka, da hanyar yanka, da yadda za a adana abin da aka yanka.

Lokacin Yanka

Wannan shi ne mafi muhimmanci duka. Ciyawa irin su gamba da kyasuwa da harkiya suna da amfani ƙwarai ga dabba muddin suna ɗanyu, ganyensu ya fi kara yawa. Da sun fid da kai sun zubar da iri, sai amfanin ya ragu, kara ya yi tauri. Masana kiwo sun nuna cewa saniya tana bukatar abincin da ke da sinadarin gina jiki kimanin kashi 7 cikin 100 kafin tumbinta ya iya sarrafa ciyawa sosai. Ɗanyar ciyawa takan kai wannan adadi har ta wuce, amma wadda aka bari a tsaye ta bushe da rani takan faɗi zuwa kashi 2 ko 3 kawai. Shi ya sa dabba takan wuni tana kiwo a busasshen daji, amma kullum ƙara ramewa take yi.

Don haka mai son ingirici mai kyau ya yanka ciyawarsa lokacin da ta yi ciki, watau tana gab da fid da kai. A jihohin da ke can arewa wannan yakan zo ne bayan marka ta ɗaga, cikin watan Satumba. A tsakiyar ƙasa kuwa, inda ruwa ke daɗewa, yakan kai Oktoba. A zaɓi ranar da gari ya washe, a fara da safe da zarar raɓa ta ɗaga, don ciyawar ta sami ranar wuni guda cur.

Kayan Aiki

Lauje shi ne na ciyawar da za a ɗaure dami, domin yana tara ta wuri ɗaya. Langalanga ta fi sauri a buɗaɗɗen fili inda ake son a kwantar da ciyawa kawai. Adda kuwa ta wurin da ke da ƙananan itatuwa ce da sarƙaƙiya. Ko wanne aka ɗauka, kaifi shi ne rabin aikin. Makami mai dakushi yana tsinka ciyawa ne da ƙarfin tsiya, ya gajiyar da kafaɗa, ya kuma tumɓuke saiwa. Ya kamata mai yanka ya tafi da dutsen wasa ko magagari a aljihunsa, ya riƙa tsayawa yana wasa bakin ƙarfen da zarar ya ji ya fara ja. Ɗan lokacin da ya ɓata wajen wasawa zai fanshe shi ninki-ba-ninki. A kuma duba ƙota kafin a fara, kada ƙarfe ya kwance ya sami wani.

Yadda Ake Bin Fili

Kafin a sara ko sau ɗaya, a zaga filin a tsince duwatsu da kwalabe da waya da ledoji. Dutse yana karya bakin ƙarfe, leda da waya kuwa idan suka shiga cikin dami dabba ta haɗiye, suna iya kashe ta.

Sa'an nan a raba filin layi-layi kamar kunyoyin gona, a bi ta tsawonsa. Mai yanka ya gama layi ɗaya kafin ya shiga wani, yana zubar da ciyawar a gefe guda, a wurin da ya riga ya share. Ta haka ba zai tattake wadda ke tsaye ba, ba kuma zai koma neman inda ya tsallake ba. Idan aikin gayya ne, kowa ya kama layinsa, na gaba ya ba na baya tazara mai yawa, yadda makamin wani ba zai kai ga ƙafar wani ba.

Kada a aske ciyawa har ƙasa. Ga gamba da makamantanta masu toho daga tushe, a bar kamar santimita 15, watau tsawon tafin hannu. Tushen da aka bari shi ne zai sake tofowa, shi ne kuma ke riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta.

Aiki da Inji

Makarantu da ofisoshi da filayen ƙwallo da yawa suna amfani da injin yankan ciyawa. Ƙa'idar da aka sani a nan ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawar a yanka guda. Idan an bar fili ya yi duhu, a ɗaga bakin injin a bi shi sau ɗaya, bayan 'yan kwanaki a sauke shi a sake bi. A jira ciyawa ta bushe daga raɓa ko ruwan sama, domin jiƙaƙƙiya tana cushe inji. A fara zaga gefen filin sau biyu don a sami wurin juyawa, sa'an nan a bi ta tsawonsa, kowane layi ya ɗan hau kan na baya. Yawan juyawa shi ke cin mai da lokaci. A gangare kuwa, a tura injin a gicciye, kada a ja shi da baya. Ba a zuba mai inji yana da zafi, ba a kuma sa hannu a ƙarƙashinsa sai an kashe shi an cire wayar fulogi. Yara su yi nisa, domin inji yana harba tsakuwa da ƙarfin gaske.

Shanya da Adanawa

Ciyawar da aka yanka a baza ta sama-sama, a riƙa juya ta sau ɗaya ko sau biyu a wuni. Idan akwai rana sosai, kwana biyu ko uku sun isa. In hadari ya taso, a tattara ta a rufe. Hanyar gane ta bushe ita ce a ɗebi cikin hannu a murɗa: idan ba ta fid da danshi ba, kuma ta yi ƙara kaɗan, to ta yi. Ingirici mai kyau yana riƙe da ɗan korensa, yana da ƙamshi. Wanda aka bari a rana har ya yi fari ya rasa yawancin amfaninsa. Wanda kuma aka tara da danshi yakan yi fumfuna, ya yi zafi a ciki, wani lokaci har ya kama da wuta da kansa.

A ɗaure shi dami-dami a ɗora a kan rumfa, nesa da ƙasa saboda gara, a rufe samansa da zana. A share kewayen rumfar tas, domin gobarar hunturu ba ta sallama. Idan aka haɗa wa dabba ingirici da harawar gyaɗa ko ta wake, za ta fi riƙe jikinta har faɗuwar ruwa. Ciyawar wurin da aka fesa wa maganin kashe ciyawa kuwa, kada a ba dabba ita sam.

Tsaron Lafiya

Duhuwar ciyawa maɓoyar macizai ce, musamman kububuwa da kasa da gamsheƙa. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara wajen jinyar saran maciji, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kaiwa can manoma ne da makiyaya da aka sara a ƙafa ko a hannu suna cikin aiki. Mai yanka ya sa takalmi mai rufe ƙafa, ya riƙe sanda mai ƙugiya a hannun hagu yana kaɗa ciyawar kafin ya sara. In tsautsayi ya auku, a garzaya asibiti. Kada a tsaga wurin, kada a tsotse shi, kada kuma a ɗaure gaɓar tamau. Haka kuma sauro yakan fake a doguwar ciyawa da rana, ko da yake a kwantaccen ruwa yake hayayyafa, don haka wanda ya share bayan gidansa ya haɗa da cike kududdufai.

Wasu sukan ga ƙona fili ya fi sauƙi. Wuta kuwa tana cinye abincin dabbobi, ta bar ƙasa tsirara, sau da yawa kuma ta tsallaka ta lashe amfanin gonar maƙwabci, daga nan sai rigima da shari'a.

Daga ƙarshe, ana kira ga sarakuna da dagatai da masu unguwanni da shugabannin makarantu su tsara yankan filayensu cikin lokaci, su kuma ba masu dabbobi dama su kwashe ciyawar. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona ko malamin dabbobi na yankinsa. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, wadda ta faro a matsayin gonar kiwo tun 1928, ta daɗe tana aiki a kan ciyayin kiwo da hanyoyin adana su. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya wasa laujensa a watan Satumba, shi ne dabbobinsa za su ga damina mai zuwa da ƙibarsu.