Mai Giya Ko Otomatik: Wanne Ne Zai Fito Maka Da Amfanin Gona?

Yau hirarmu ta abin hawa ce, kuma da matasanmu na karkara nake, musamman 'yan Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa da Bagwai.

Kaka ta kusa. Wani ya kwashi adashi, wani ya sayar da ɗan bijimin da ya yi wata shida yana kiwo, niyyarsa ya sayi mashin da zai riƙa fito da kaya daga gona, ya kai kasuwa, ya samu na cefane. Sai ga tambaya: mai giya zan saya ko otomatik? Wasu ma sun hango babur mai ƙafa huɗun nan a TikTok, wanda ake tsere da shi a saharar Dubai, suna cewa ai shi ne maganin hanyar garinsu. To, bari mu bi abin daki-daki, don kuɗin nan idan ya tafi ba ya dawowa.

Da farko, iri uku ne. Akwai mai kulochi a hannu, giya a ƙafa, irin Bajaj Boxer na ƙasar Indiya da ya cika ƙauyukanmu. Akwai roba-roba: kana sa giya da ƙafa, amma babu kulochin da za ka matsa, shi yake kama kansa idan injin ya ɗauki wuta. Asalin wannan tsari Super Cub ne na kamfanin Honda, wanda ya fito a Japan a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100. Na ukun shi ne otomatik zalla, ka murɗa totur kawai ka tafi. Yawancin masu ƙafa huɗu na zamani, irin na Polaris da Yamaha Grizzly, haka suke.

Shi otomatik ɗin nan, me ke cikinsa? Bel ne na roba yake zagaya faifai biyu. Idan gudu ya ƙaru, faifan gaba ya matse, na baya ya buɗe, shi ke nan giya ta canja da kanta. Abin da daɗi wallahi, ba ka tunanin komai sai hanya. Amma duk ƙarfin injin ta jikin wannan bel yake bi kafin ya kai taya. Ka riƙe wannan.

Yanzu mu dubi hanyar. Titin Kano zuwa Katsina ya ratsa Bichi da Tsanyawa, na Kano zuwa Daura ya ratsa Ɗambatta. Da ka sauka daga kwalta, sai burji, daga burji sai 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki. Ƙasarmu ta jigawa ce. Da rani rairayi ne, taya na nutsewa. A watan Agusta kuwa taɓo ne da kwazazzabai, balle wajen fadamun madatsar Watari ko ta Tomas. Kuma yankinmu gona na jikin gona, babu fili a banza. Hanyoyin nan jaki da mangala ne suka fitar da su, sai amalanke. Babur mai ƙafa biyu zai wuce. Mai ƙafa huɗu da faɗinsa, sai ka taka geron maƙwabci, ka kwana a gaban mai unguwa.

Ka ɗora buhu biyu na gero ka shiga rairayi. Mai giya zai sa lamba ɗaya, ya saki kulochi gaba ɗaya, injin ya ja a hankali da ƙarfinsa. Otomatik kuwa, idan lodi ya yi nauyi kuma tafiyar a hankali ce, bel yakan fara zamewa, ya yi zafi, har ka ji ƙaurin roba. Shi ya sa manyan masu ƙafa huɗu suke da ƙaramar giya ta musamman mai alamar L, don jan kaya. Ƙananan otomatik da ake yawo da su a cikin birni ba su da ita. Ga ƙananan tayoyi, inci 10 ko 12, alhali Boxer da roba-roba inci 17 ne. Ƙaramar taya rami kaɗan ya ishe ta. Sannan idan ruwa ya shiga gidan bel wajen tsallake rafi, za ka ji injin na ihu, mashin na tsaye.

Kar a ce na yi son kai, mai giya ma yana da nasa. Idan ba ka iya ba, kana tafiya da rabin kulochi a cikin yashi, za ka ƙone faifan kulochi. Yana mutuwa a hannun ɗan koyo. Yana gajiyar da hannu. Bambancin shi ne, faifan kulochin Boxer kusan duk bakaniken da ke gindin bishiya a kasuwar ƙauye zai canja maka shi kafin la'asar. Bel ɗin mai ƙafa huɗu fa? Idan ya tsinke ranar Lahadi kana hanyar kasuwar Ɗambatta da kayan mutane, wa zai ba ka? Sai ka shiga Kano nema, wataƙila ma a ce sai an yi oda. Mashin na kwance, bashi na tafiya.

Akwai kuma batir. Mai giya idan ya ƙi tashi, yara biyu su tura ka, ka saki kulochi, ya kama. Mai bel ba ya tashi da turi, ko garin duka ne suka taru.

Sai mai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kowa ya san yadda lita ta koma. Bel yana cinye wani kaso na ƙarfin injin, kuma masu ƙafa huɗu injinsu babba ne, jikinsu da nauyi. Mai sana'ar dako da ƙaramin injin Boxer ba za su sha mai ɗaya ba.

Wani abin da masu bidiyo ba sa faɗa: mai ƙafa huɗu ba don kwalta aka yi shi ba. Da yawansu tayoyin baya a ƙarfe ɗaya suke juyawa, don haka a kan titi idan ka sha kwana da gudu yana iya kifewa. Yawancinsu kuma na mutum ɗaya ne, babu goyo. Mu kuwa kayanmu dole su hau titi kafin su kai Dawanau.

To wa otomatik ya dace da shi? Wanda zirga-zirgarsa a cikin gari take, malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, ko wanda yake da lalura a hannu ko ƙafa. Gidan da mashin ɗaya ne kowa ke hawa, daga Baba har ƙanne, roba-roba ya fi musu: sauƙin tuƙi, babbar taya, ga kayan gyara ko'ina. Amma kai da za ka ci abinci da lodi, a yashi da taɓo, mai giya ne naka. Idan lodin ya wuce na babur, ka duba keke mai ɗaukar kaya, shi ma mai giya ne, har da ribas.

Kafin ka biya kuɗi, ka je wajen bakaniken garinku ka ce, "Oga, idan wannan ya lalace za ka iya gyarawa? Kayansa akwai?" Idan ya fara sosa ƙeya, ka riƙe kuɗinka. Ka kuma nemi a bar ka ka gwada shi da lodi a kan hanyar da za ka riƙa bi, don a kan kwalta kowane mashin lafiyayye ne. Rashin iya giya kuma kar ya tsorata ka, kwana kaɗan ne a filin makaranta ka iya. Hular kwano dai kar a manta da ita.

Masu mashin da bakanikai da ke bibiyarmu, ku faɗa mana abin da ya fi kawo muku matsala a hanyoyinku, za mu karanto a shiri na gaba. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya tsare hanya. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.