Kafin A Ce Kwamfuta Ta Mutu: Jawabi Ga Ɗalibai Da Matasan Ma'aikata A Argungu



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa ƙarami ne a ido, domin ya shafi wani ɓangare ne na kwamfuta wanda akasarin masu aiki da ita ba su taɓa gani ba, ko da sun shekara goma suna buga takardu a kanta. Amma a ra'ayinmu, da yawa daga cikin na'urorin da ke jibge a sito-sito na ofisoshi da makarantu, waɗanda aka rubuta wa takardar cewa sun mutu, ba ajali ne ya same su ba. Mantuwa ce kurum. Kuma kuɗin talakawa ne aka sayo su da shi, da kuɗin talakawa za a sayo madadinsu.

Bari mu fara daga tushe. Idan mutum ya danna maɓallin kunnawa, ba Windows ce take fara tashi ba. Akwai wani ɗan taƙaitaccen umarni da maƙera suka dasa a cikin wata 'yar ƙwaya a jikin babban allon na'urar, allon da masu gyara ke kira bod. Wannan dasasshen umarni shi ake kira BIOS. Wani Ba'amurke mai suna Gary Kildall ne ya fara amfani da sunan a 1975, kana kamfanin IBM ya yaɗa shi a duniya da kwamfutarsa ta 1981. Na'urorin zamanin nan suna ɗauke da magajinsa ne, watau UEFI, amma bakin masu gyara bai sauya ba, har yanzu BIOS suke cewa, mu ma haka za mu ce. Aikinsa shi ne ya duba ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira ram, ya duba madannai da fanka da faifan ajiya, sa'an nan ya nemo inda Windows take kwance ya tashe ta. Mu mutanen Kabi ba sai an wahala wajen bayyana mana wannan ba. Ranar bikin kamun kifi, kome yawan masunta da ke jere a bakin Matan Fada da goruna da homa, ba mai tsoma ƙafa sai Sarkin Ruwa ya gama nasa aikin an ba da izini. To, BIOS shi ne sarkin ruwan kwamfuta. Idan bai gamsu ba, ba abin da zai motsa.

Wannan sarki yana da rauni guda. Agogonsa, da kuma zaɓe-zaɓen da aka tsara masa a na'urori da yawa, sun dogara ne ga wani ɗan batir mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, faɗinsa milimita 20, ƙarfinsa bolt 3. Yakan yi 'yan shekaru yana aiki. Amma na'urar da ta daɗe ba a jona ta da wuta ba, ita ce ta fi saurin cinye shi, domin shi kaɗai ke riƙe da agogon dare da rana. Ku tuna da kwamfutocin da akan kawo wa makaranta kyauta, a kulle su a ɗaki shekara biyu ana jiran a ja wuta ko a zo bikin buɗewa. Ranar da aka buɗe ɗakin, batirin ya riga ya yi sanyi.

Alamar farko ita ce kwanan wata ya koma baya, na'urar ta farka tana zaton tana cikin wata shekara da ta shuɗe tuni. Daga nan sai shafukan intanet masu tsaro su ƙi buɗuwa, domin kowane irin shafin nan yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma na'urar da agogonta ya ɓata za ta ga kamar takardar ba ta soma aiki ba. Sai akawu ya ce sabis ne babu, a yi ta zagin kamfanin waya wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Alama ta biyu ta fi muni. BIOS kan manta da jerin inda zai fara neman Windows, ko ya sauya hanyar da yake magana da faifan ajiya, alal misali daga wadda ake kira AHCI zuwa wata daban, ko ya koma daga sabon tsarin tashi zuwa tsohon. Sai fuskar na'urar ta yi shuɗi, ko ta ce ba ta ga faifai ba sam. Alhali faifan yana nan lafiya lau, da dukan abin da ke cikinsa.

A nan ne ɓarnar take aukuwa. Ana kai ta wurin mai gyara mai gaggawa, ya ce sai an wanke ta an zuba sabuwar Windows. Cikin sa'a guda sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekaru, ko jadawalin albashi, ko kundin binciken da wani ya yi wata tara yana rubutawa, sun tafi. Maganin kuwa bai wuce a sauya batir, a danna F2 ko F10 ko Del a daidai lokacin tashi, gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta, a gyara kwanan wata, a mayar da layi guda yadda yake a da ba. Ba muna aibata masu gyara ba ne, da yawansu sun fi wasu masu digiri sanin cikin na'ura. Abin da muke cewa shi ne, mai kaya ne ya kamata ya hana a taɓa faifansa kafin a duba abin da ke ƙasa da shi.

Kada wani ya ɗauka zancen agogo da tsarin na'ura zance ne na ƙananan ofisoshi kawai. Ƙasar nan tamu ta ɗanɗana shi a babban fage, a wajen zaɓe, ko da yake na'urorin zaɓe ba kwamfutar tebur ba ne, dangi ne dai na kusa. A ranar 28 ga Maris 2015, lokacin da Farfesa Attahiru Jega, ɗan wannan jiha tamu, yake shugabancin hukumar zaɓe, aka fara amfani da na'urar tantance katin masu jefa ƙuri'a a babban zaɓe. A Otuoke na'urar ta kasa tantance Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan kansa, jama'a na kallo ta talabijin. Daga cikin dalilan da aka bayar na tangarɗar da aka samu a wurare da dama har da wani mai ban takaici: wasu ma'aikata ba su ɓare 'yar ledar da ke rufe wurin ɗora yatsa ba. A wasu rumfuna kimanin 300 sai washegari aka ƙarasa zaɓen.

A 2019 kuwa, an ɗage zaɓen ranar 16 ga Fabrairu da tsakar dare saboda matsalar jigilar kaya. Mutane da yawa sun yi tambaya, me ya hana a yi shi bayan kwana ɗaya ko biyu? Ɗaya daga cikin amsoshin da shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya bayar ita ce, an tsara na'urorin ne su yi aiki a ranar 16 kaɗai, don haka sai an sake tsara kimanin 180,000 kafin su karɓi sabuwar rana. Aka kai zaɓen 23 ga wata. A 2023 ma an ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris domin a sake tsara na'urorin BVAS, bayan da jam'iyyun hamayya suka je kotu suna tsoron kada sake tsarin ya shafe bayanan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, hukumar kuwa ta ce za ta kwashe su ta adana tukuna. Ba mu zo nan don mu yanke hukunci tsakanin jam'iyyu ba. Muna so ne ku lura cewa tambayar da manyan lauyoyi suka yi a gaban alƙalai ita ce dai tambayar da ya kamata ƙaramin akawu ya yi wa mai gyara: kafin ka sauya tsarin nan, ina ka ajiye abin da ke ciki?

Yanzu sai batun sabunta BIOS, abin da masu gyara ke kira filashin. Wannan shi ne aiki mafi haɗari da ake yi wa kwamfuta ba tare da an ɗauki sukudireba ba, domin ana goge dasasshen umarnin ne ana rubuta sabo a gurbinsa. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, tsohon ya tafi, sabon bai kammalu ba, kuma babu sauran wanda zai tashi na'urar balle a sake gwadawa. Duniya ta ga misalin wannan a ranar 26 ga Afrilu 1999, sa'ad da wata cutar kwamfuta mai suna CIH, wadda wani ɗalibi a Taiwan ya rubuta, ta farka ta shafe faifai, ta kuma ɓata BIOS na wasu na'urori har suka kasa ko da kunna fuska. Abin da cuta ta yi da gangan, wutar lantarkinmu tana iya yin sa ba da niyya ba. Gaskiya ne wasu na'urorin zamani suna ajiye kwafi na biyu da za su farfaɗo da shi, kuma ƙwararren mai gyara yana iya ciro ƙwayar ya sake rubuta ta da wata 'yar na'ura, amma wannan ba abin dogaro ba ne ga wanda ke Kangiwa ko Augie.

Saboda haka, wanda kwamfutarsa ke aiki lafiya, kuma babu wata matsala takamaimai ko gyaran tsaro da sabuntawar ta zo da shi, ba dole ne ya yi gaggawa ba. In kuwa ya zama tilas, to ya samo fayil ɗin daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ya tabbata lambar samfurin ta yi daidai harafi da harafi, domin na'urori biyu kan yi kama a jiki su sha bamban a bod. Ta hannu a cika batirinta a kuma bar ta jone. Ta tebur kuwa kada a soma sai da abin riƙe wuta na UPS mai lafiyayyen batir, ba a kan janaretan da mansa ke gab da ƙarewa ba. Sa'an nan akwai tarkon da ya fi kama ma'aikata. Na'urori da yawa yanzu faifansu a kulle yake da tsarin BitLocker ba tare da mai su ya sani ba, kuma sauyi a cikin BIOS kan sa su nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Wanda ya rasa lambobin nan gaba ɗaya, babu bokan da zai buɗe masa.

Duk da haka kada tsoro ya hana mu shiga inda ya kamata. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta yarda ta sauka sai a na'ura mai akwatin tsaro da ake kira TPM 2.0. Sau da yawa akwatin yana nan, kashe shi kawai aka yi a cikin BIOS, inda yake ɓoye da sunan PTT a na'urorin Intel, ko fTPM a na AMD. Kunna shi aikin minti biyu ne. Sai dai in ƙwaƙwalwar na'urar ta girmi zuriya ta 8 ta Intel, wadda ta fara fitowa a 2017, to galibi ba ta cikin jerin da aka amince da shi, kuma a nan ne kaɗai zancen sayen sabuwa yake da hujja. Jami'in da ya san bambancin nan zai iya hana a yi gwanjon kayan da ba su tsufa ba.

Ga 'yan'uwa ɗalibai, waɗanda akasarinmu ta hannu muke saye daga kasuwar Beirut a Kano ko daga Ikeja, shawara guda ce: kafin ku miƙa kuɗi, ku sa mai sayarwa ya shiga BIOS a gabanku. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori tsofaffin kayan kamfanonin Turai da Amurka ne, wasu sun zo da kalmar sirrin tsohon ubangidansu a kulle, kuma a irin na zamani cire ɗan batirin nan ba ya goge ta.

Ba kuma kowane laifi ne na BIOS ba, wani lokaci shi mai kawo rahoto ne kurum. A bazarar ƙasar nan, inda zafi kan haura digiri 40, bayan hunturu ya riga ya cusa ƙura a fanka, na'ura kan kashe kanta da kanta don kada ta ƙone. Mun sha ganin mai kashe gargaɗin fanka don ya huta da damuwa, alhali abin da ake bukata shi ne a buɗe a busa ƙurar. Haka nan idan ta yi ƙara ƙit-ƙit ko fitilarta ta riƙa ƙiftawa, fuska kuwa baƙi ƙirin, to magana take yi. A ƙirga ƙarar a duba ma'anarta a littafin kamfanin, sau da yawa ram ne ya sassauta, a ciro shi a goge a mayar.

Roƙon da muke miƙawa ga ƙungiyarmu, da yayyenmu da ke ofisoshin Argungu da Birnin Kebbi, shi ne a buɗe wa kowace kwamfuta shafi a littafi, kamar yadda motar gwamnati take da littafin tafiye-tafiye. A rubuta samfurinta, da lambar BIOS ɗin da ke kanta, da ranar da aka sauya batir, da inda aka ajiye mabuɗin ceto da kalmar sirri, a kuma ɗauki hoton shafukan tsarinta tun tana lafiya. Aikin farko da littafin zai yi ya riga ya iso. Takardun shaidar da Microsoft ya bayar a 2011, waɗanda tsarin Secure Boot ke dogaro da su wajen tantance abin da zai tashi na'ura, wa'adinsu ya faɗo a cikin 2026, daga watan Yuni. Na'urar da ba ta karɓi sababbin ba za ta ci gaba da tashi, amma sababbin gyare-gyaren tsaro na wannan mataki ba za su riƙa isa gare ta ba, kuma wasu sai an sabunta musu BIOS kafin su karɓa. Kowane ofis yana bukatar ya san waɗanne ne nasa a ciki, da kuma wa zai zauna a gabansu har aikin ya kammala.